Tafasar da Na Ɗebo a Gonar da Aka Yi wa Feshi

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin Kwaminmu, shugaban ƙaramar hukumarmu,
Gundumar Dungas, Jihar Damagaram.

Ta hannun gidan rediyon karkara, don a karanta kowa ya ji.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da haƙuri da jama'a, ina kuma yi maka barka da damina. Ina fatan kai da iyalinka da 'yan majalisarka kuna cikin ƙoshin lafiya. In ka tambayi tamu lafiyar, za mu ce alhamdu lillahi don ba a cewa babu, amma gidana ba lafiya, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Barira, matar Malam Illiya, daga wani ƙauye da ke tsakanin Dungas da Guci. A kasuwa Barira mai tafasa ake ce mini. Na haura shekara hamsin. Rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da girmana, in ka ga ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya. Maigidana idanunsa sun tafi, ba ya iya noma. Ɗana Habu ya tafi ci-rani arewa, yau damina ta biyu ba shi ba labarinsa, ya bar mini 'ya'yansa uku. Sai kuma 'yata Sahura, wadda aka kawo mini goyon ciki. Bakunan da ke jiran tukunyata ke nan.

Na je meri, ofishinka, sau biyu don in gan ka. Ran farko aka ce kana taro a Damagaram, ran na biyu aka ce in bar saƙo. Saƙona ba irin wanda ake bari a bakin ƙofa ba ne. Ba a dukan mutum a hana shi kuka, don haka ga kukana a fili.

Na farko. Kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san dokar da ba a rubuta ta ba amma kowa na bin ta. Gero na mai gona ne, wake da gyaɗa na mai gona ne, amma ganyen da Allah ya shuka da kansa na kowa ne. Tafasa, gasaya, lalo, yaɗiya, duk macen da ta ga dama tana shiga kowace gona ta tsinka, ba sallama ba neman izini, muddin ba ta taka shuka ba. Mai gona ma murna yake yi, an rage masa noma. Tun ina bin kakata da ɗan ƙoƙo nake wannan aiki, ba a taɓa kora ta daga gonar kowa ba. Daga ranar da rumbu ya yi ƙasa zuwa ranar da aka ci tumu, ganyen nan ne ke riƙe da ran talaka. Ni kuwa har sana'a na mai da shi: in dafa, in matse, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da barkono, in kai kasuwar Guci da ta Dungas, dunƙule dala biyar ta sefa. Da shi nake sayen tiyar gero, da shi nake yi wa jikokina sabulu.

To, a 'yan shekarun nan noma ya sake salo. Masu kuɗi na birni sun sayi gonaki, wasu sun karɓi jingina, kuma sun ga ɗaukar 'yan barema masu noman kuɗi ya yi musu tsada. Sai su sayo maganin ciyawa, wanda yanzu a kan tebur ake kasa shi a kasuwa kusa da mai magi da gishiri, har ana tsiyaya shi a robar lemo ga wanda bai iya sayen kwalba. Su ɗauki mai feshi, ya goya famfo tun da asuba, kafin hantsi ya gama ya hau babur ya wuce wata gonar. Ba alama, ba shela. Gonar da aka fesa da wadda ba a fesa ba, a ranar farko ko uwar da ta haifi tafasa ba ta bambanta su.

Na biyu. Ga abin da ya same ni. Sahura ta yi shekara biyar a ɗakin miji a Bande ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, sai bana Allah ya ba ta. Da cikin ya shiga wata na bakwai surukanta suka ɗauko ta suka kawo mini, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Uwar mijinta ta kama hannuna ta ce, "Inna Barira, ga amanarmu nan, su biyu za mu zo mu ɗauka in Allah ya yarda." Na ce Allah ya nuna mana.

Wata safiya, lokacin tafasa na ɗanya shar, na fita da kwandona. Gabas da gari akwai gonar wani Alhaji ɗan kasuwa da ke zaune a Magarya, bai shuka ta ba yana jiran lokacin riɗi. Na tarar tafasa ta cika ta maƙil, ganye luf-luf, a jiƙe. Na ɗauka raɓa ce. Wallahi har hamdala na yi, na ce yau Sahura za ta ci ta ƙoshi, don tun da ta zo ba abin da kwaɗayin cikinta ke nema sai kwaɗon tafasa. Na cika kwando na danna, na dawo gida na wanke, na dafa, na matse, na kwaɗa kamar yadda na saba yi shekara da shekaru. Kowa ya ci. Da na ga tana lasar kwano sai na tura mata nawa rabon, na ce ci, ku biyu ne.

Kafin la'asar yaran nan uku sun fara amai da zawo, maigida ma haka. Su Allah ya taƙaita musu, bayan kwana biyu suka miƙe. Sahura kuwa ta yi amai har ba abin da ya rage a cikinta, bakinta da maƙogwaronta suka ɗau zafi kamar ta haɗiyi garwashi, marar ta riƙe, can sai jini. Maƙwabta suka ɗaura amalanke muka kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya sa mata ƙarin ruwa, ya tambaye ni abin da ta ci, na faɗa masa. Ya ce a wace gona na ɗebo, na faɗa masa. Sai ya ce, "Inna, ba ke ce ta farko ba a daminar nan. Wannan ya fi ƙarfinmu, sai Magarya."

A Magarya ta haihu. Namiji ne, da gashinsa da farcensa, kamar ka kira shi ya amsa. Bai yi kuka ba. Ni na naɗe shi a zanen da na saya don ranar suna, na miƙa wa maza suka tafi da shi.

Ranka ya daɗe, ni Musulma ce, na san rai na Allah ne, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a cikin tulu aka ɓoye shi sai ya tafi. Likitoci sun ce ba su da na'urar da za ta nuna musu ainihin abin da ya shiga jikinta, don haka ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Amma ga abin da na gani. Ranar da muka dawo, amalanke ya bi da mu ta gefen gonar nan. Duk ta ƙone ƙurmus, ta yi ja kamar gobara ta bi ta kanta, ba ganye ɗaya tsaye, alhali gonakin da ke kewaye da ita kore shar. A nan na gane ba raɓa na taɓa ba. Na kifa kaina a cinyar 'yata na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Na uku, kuma nan ne nake roƙon ka buɗe kunne da kyau. Wanda ya yi feshin ban neme shi ba, shi ya kawo kansa. Lawali ne, ɗan aminiyata, magidanci mai 'ya'ya huɗu, a gabana aka yanke masa cibiya. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya kasa ɗaga kai, ya ce, "Inna, ni na fesa. Da asuba na gama na wuce. Wallahi da na gan ki da na yi miki ihu tun daga nesa." Ya ɗaga rigarsa ya nuna mini bayansa, duk fatar ta saɓule inda famfo ke yoyo. Dala ɗari ake ba shi a kan kowane cikin famfo. Magani iri biyu yake haɗawa, yana awo da marfin kwalba, don haka mai sayarwa ya ce masa ya fi ci. Rubutun jikin kwalbar bai iya karanta shi ba, ya kawo mini ni ma na juya ta na kasa, ba Hausa ba ce, ba kuma Faransanci ba. Me zan ce wa Lawali? Shi ma abin yana cin sa, sannu a hankali ne kawai. Na ce ya tashi ya tafi, na yafe masa.

Shi kuwa mai gonar, mai garinmu ya raka ni wurinsa ranar da ya zo duba riɗinsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba mugun mutum ba ne. Ya yi mini ta'aziyya har idonsa ya kawo ruwa, ya aiko da shinkafa tiya biyu da sabulu. Na ce na gode, amma ba shinkafa ta kawo ni ba. Abu ɗaya nake roƙo, duk ranar da za a sake feshi a kafa alama a bakin gona, ko sanda ce da tsumma, don mata su gani su kauce. Sai ya ja da baya ya ce, "Haba Baba! Ni in kafa tuta a gonata, a ce Alhaji ya yi kuɗi ya hana talakawa tafasa? Ubana bai yi ba, ni ma ba zan ja wa kaina zagi ba. Gonata a buɗe take ga kowa."

Ka ji inda gizo ke saƙar. Ka san a ƙasar nan in mutum ya ƙulla ciyawa a kan sanda ya kafa a gona, cewa yake kada a shiga. Ana yin haka don amfanin gona, amma wanda ya yi shi don ganye, har jikokinsa sai an yi musu gorin rowa. Na bi manoma da dama, manya da ƙanana, har waɗanda muke gaisawa kullum a bakin rijiya da matansu. Kowa ya ce maganata gaskiya ce, kuma kowa ya ce ba shi zai fara ba. Wani ya ce mini, "In na kafa, gobe a masallaci da wane ido zan dubi mutane?" Wato ya fi jin kunyar a ce ya hana ni tafasa a kan a ce tafasarsa ta kwantar da gidana. Kunyar nan ita ta ciyar da mu tun kaka da kakanni, ba na zagin ta. Amma an yi ta ne lokacin da hauya ke kashe ciyawa, yanzu kuwa guba ke kashe ta, kuma ba wanda ya zauna ya gyara dokar.

Shi ya sa na zo gare ka. Abin da mutum ɗaya ke jin kunyar farawa, in hukuma ta ce a yi, kunya ta faɗi. Kowa zai kafa sandarsa ya ce, ba ni ba ne, meri ce ta ce. Baki ɗaya gare ka, amma ya fi bakin matan ƙauyenmu duka.

Na huɗu. Ba ganye kaɗai ba ne, in taƙaita maka. Tabkin da ke yamma da garinmu, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka, mata ke wanki, nan masu feshi ke ɗiban ruwan haɗi, nan kuma suke wanke famfo in sun gama. Da, in damina ta zauna, kwaɗi ba su barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Bana tabkin shiru. Awakin maƙwabciyata sun sha sun kumbura, aka yanka, aka rasa mai ƙarfin halin cin naman. Robobin maganin kuma in sun ƙare ba a yar da su, ɗauraye su ake yi a zuba man gyaɗa ko nono, don marfinsu na rufuwa da kyau. Je ka kasuwa ka duba da idonka. Gonakin da aka jera shekaru ana fesawa kuwa, gasaya da lalo sun yi ƙaura daga cikinsu, abin da nake samu a bayan gari yanzu sai na yi tafiya har ƙafa ta gaji.

Sana'ata ma ta mutu. Labari ya bazu, in na aje kwano a kasuwa sai a tsaya daga nesa a ce, "Barira, ta wace gona ce?" Ba na ganin laifinsu. Ni ma ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce ga wadda ba a fesa ba, kuma ba zan sayar wa ɗan wani abin da nake tsoro ba. Na daina zuwa.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona, don girman Allah da darajar iyayenka.

A ba da umarni duk gonar da aka yi wa feshi a kafa mata sanda da jan tsumma ko jar leda a kowace kusurwa, a bar ta har iya kwanakin da malaman gona suka ce gubar na ɗauka. A aika wa masu gari da limamai, a sa mai shela ya faɗa a kasuwanni, a kuma faɗa da babbar murya cewa wannan tuta ba ta rowa ba ce. Ba ta cin kuɗi, tsumma bai gagari gidan kowa ba.

A ce mai feshi ya sanar da mai gari tun ana gobe zai fesa, shi kuma ya sa a gaya wa mata.

A turo malamin gona ya zaga teburan masu sayar da maganin nan ya ga abin da ake sayar mana, ya tara su Lawali ya yi musu bayani da Hausa, ya nuna musu awo da yadda za su rufe jikinsu. A hana wanke famfo a tabki, a ce robar da ta ƙare a huda ta a binne.

Ban ce a hana feshi ba. Na san 'yan barema sun yi tsada, samari sun watse ci-rani, kuma ba ni zan nome wa mutane gonakinsu ba. Cewa na yi a gaya mana.

Sai roƙo na ƙarshe, wanda na kaina ne. Sahura har yau ba ta miƙe ba. In ba koko mai ruwa ba, ba abin da ke wuce maƙogwaronta, ta rame har awarwaronta na zamewa. Akuyata ɗaya na sayar na sayi maganin da aka rubuta mana, ya ƙare, ba ni da ta biyu. In akwai hanyar da za a kai ta gaban likitan da ya san irin wannan ciwo, a taimaka mini. Surukanta sun zo, ba wanda ya faɗa mini baƙar magana, uwar mijin cewa kawai ta yi, "Haka Allah ya so, Inna." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kada ka ce za a duba bayan kaka. Mu ba mu da bayan kaka. Rumbuna na share shi har ƙasa, gero bai ko fitar da kai ba, shinkafar Alhaji ta ƙare tuni. Yanzu kuma wake ya fara fure, feshin maganin ƙwari ya kama, famfo ya fi na da yawa a daji. Gaba kura, baya sayaki. Na riƙe yaran nan kwana biyu da ruwan kanwa da ɗan tsaki, ran na uku na ɗauki kwandona na koma daji, don yunwa ba ta jiran takardar meri.

Ga yadda muke yi yanzu, don ka san halin da mutanenka ke ciki. In na ɗebo na dafa, sai in ɗibi dunƙule biyu in ci ni kaɗai, in rufe sauran in kai ɗaki in ja ƙofa. Daga nan sai jira. Yaran nan uku su zauna a inuwar zana, ba wasa ba hayaniya, idonsu a kaina, tun hantsi har a kira azahar. In na yi tari su zabura. Ƙaramar, Nana, wadda ba ta fi shekara huɗu ba, takan matso ta dafa mini ciki ta ce, "Kaka, ya yi ciwo?" In na ce bai yi ba, sai su ruga su ɗauko kwanoninsu suna murna. Ban sani ba ko wannan dabara na tsare wani abu, wataƙila akwai gubar da ba ta nuna kanta a wuni ɗaya. Ita kaɗai gare ni. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ranar da zan ce mata ya yi ciwo, don a gidan nan ba wanda zai ɗanɗana musu na gobe.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ya ɗora maka, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare maka zuriyarka. Allah kada ya nuna maka ranar da jikanka zai zauna da yunwa yana duban fuskarka, yana jira ya ga ko abinci zai kayar da kai kafin ya sa hannu.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Barira matar Malam Illiya, mai tafasa.